Raƙumi a Tagar Motata

Mijina ya yafe abin da ba nasa ba. Mota tawa ce, da kuɗin albasata na saye ta, sunana ne a kartigiris, takardar mallakar mota, ni na biya mata asirans, wato inshora, amma ranar da aka ɓata ta, shi ya ɗaga hannu a tsakiyar kasuwar Tama ya ce ya yafe duniya da lahira. Ko tsumman goge gilashi bai taɓa saya wa motar nan ba. Ban yafe ba a ranar, kuma wanda ke jira in ce daga baya na gane hikimarsa, ya gyara zama, zai daɗe.

Bari in faɗi irin motar, don ba irin wadda aka saba gani a hanyar Buza ba ce. Wasu turawa ne suka zo da ita, irin masu yawon kallon duwatsu da itatuwan da aka dasa a ƙasar Keita. Ta lalace musu, suka gaji da jiran kayan gyara, suka sayar wa wani ɗan kasuwa a Madawa suka yi gaba. Shi kuma ya gyara ta, sannan ya rasa abin da zai yi da ita, don ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar fasinja. Cikinta gado ne, da ɗan tebur mai naɗewa, da murhun gas, da wurin wanke hannu mai famfo, da akwatuna a jikin bango. Rufinta ana tura shi sama ya buɗe kamar bakin kada, tanti ya miƙe, mutum ya tsaya da tsawonsa. Shuɗiya ce, shuɗin bula. Ranar da na fara ganinta a bayan butikinsa, shagon da yake sayar da kaya, kaji ne ke ƙwai a kan gadon.

Na shiga, na kori kajin, na jawo ƙofa na rufe. Sai shiru. Tun da aka haife ni ban taɓa zama wurin da ba a iya kirana ba. A gidan ubana ana kirana, a gidan miji ana kirana, a garkar albasa ana kirana, ko bayan gida na zaga sai wani jika ya tsaya bakin zana yana tambaya ko na kusa. Na daɗe a zaune kan gadon nan mai warin kaji. Da na fito na ce wa mai butiki ya faɗi kuɗinta. Albasa ta yi kyau a shekarar, ta yi kyau a wadda ta gabata, ni kuma ba mai tara kwalla da zinari ba ce.

Ban yi lakwal, makarantar boko, ina yarinya ba. Karatun manya na shiga ina da jikoki, na zauna tabarma ɗaya da matan da na ga ranar haihuwarsu. Na sha dariya, na kuma iya. Da na iya haɗa baƙi sai kunyar shiga biro, wato ofis, ta fita daga idona, shi ya sa da na sayi mota ban nemi direba ba, na je Madawa na koyi tuƙi da kaina. Mai koya mini bai taɓa shiga gefena bai yi salati ba, amma na samu permi, takardar izinin tuƙi, kuma ban kashe kowa ba sai zabo guda, shi ma shi ya taho.

Mutanen garinmu suka kasa gane motar. Kowa ya zo ganinta sai ya leƙa, ya latsa katifa, ya murɗa famfo, sannan ya ce, “To mi za ki ɗauka da ita?” In ce, “Kaina.” Ran Juma'a in an sauko masallaci sai in hau kan dutsen da ke kallon fadama, in tura rufi sama, in dafa shayi, in buɗe littafi ina bin sa da yatsa, barci ya zo in kwanta. Matan gari suka sa mata suna ɗakin gudun miji. Ban musa ba.

Shi maigidan nawa mutumin kirki ne, in faɗi gaskiya. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya, bai taɓa tambayata kuɗin albasa ba. Cutarsa guda ce: ba ya iya kallon mutum yana jin kunya. In ɓarawo ya shiga rumbunsa ya kama shi, shi zai fara sunkuyar da kai.

Kafin in fara hawa gudron, titin kwalta, da ita aka ce sai na yi asirans, in ba haka ba jandarma za su tsare ni a kowane shinge. Na je biron masu asirans a Madawa. Mai biron wani magidanci ne mai tabarau, da fanka a bayansa tana kaɗa masa takardu yana danne su da dutse.

Ya ce, “Inna, motar haya ce?”

Na ce a'a.

“Ta kaya?”

“A'a.”

“To ta mece ce?”

“Ta hutawa.”

Ya cire tabarau ya dubi hannuwana, da ƙasar fadama ta riga ta zauna a cikin tsagar su, ya tashi ya fita ya zagaya motar, ya shiga, ya latsa katifa kamar kowa. Da ya dawo ya ce tun da ya fara aiki bai taɓa yi wa ɗaki asirans ɗin mota ba, amma akwai yadda ake yi. Ya miƙo mini mafi araha, ya ce ita kowa ke yanka.

Na kira shi da kiran faransanci da ake yi wa masu biro, na ce, “Mushe, ni ban san kowa ba. Mi take biya?”

Ya ce wannan ƙaramar, in na buge wani, ko dabbar wani, ko katangar wani, su za su biya shi.

“In ni aka buge fa?”

“Sai wanda ya buge ki ya biya, in yana da asirans.”

“In jaki ne?”

Ya ce ba a yi wa jaki asirans. Na ce ke nan wannan zanen aro ne, in saya da kuɗina in rufa wa wani asiri, ni in tsaya haka nan. Ya yi dariya, ya ga ban yi ba, ya jawo kujerarsa ya fara yi mini bayani da gaske. Akwai ta wuta da sata. Akwai ta gilashi kaɗai. Akwai ta mutanen da ke cikin mota, don ƙaramar nan ba ta san direba ba, ko ƙafarsa ta karye. Sannan ga babbar, wadda suke kira turiski: ko ni na yi laifi, ko wani, ko dutse ne ya gangaro, za su gyara motar, sai dai akwai ɗan kason da ke kaina a kowane gyara, don kada in riƙa zuwa musu da kowane ƙwarzane.

Na tambaye shi katifa da murhu da tukwanena. Ya ce abin da aka ƙera da motar, kamar gado da famfo da tantin rufi, sai an rubuta su a takarda tun yanzu, in ba haka ba ranar ɓarna za a ce ba a san da su ba. Abin da na shigo da shi da hannuna kuwa, tukunya, bargo, radiyo, wannan kayan ɗaki ne, yana da nasa ƙarin daban. Na ce a rubuta gado da famfo da tanti, a bar tukwane, wanda ya sace tukunyata ni na san yadda zan yi da shi. Ya ce in faɗi gaskiya game da tulun gas, don in wuta ta tashi daga abin da na ɓoye musu, ba ruwansu. Na faɗa. Ya ce kada in ɗauki fasinja a biya ni, kada in loda albasa in kai kasuwa, don motar hutawa na rubuta. Ya ce in zan tsallaka Najeriya sai na dawo an yi mini wata kati.

Na yanki babbar, na haɗa da ta mutanen ciki. Ya ba ni takarda na karanta ta da kaina, layi-layi, da yatsa. Inda faransanci ya fi ƙarfina in tsaya ya fassara, in ce ya sake. Har azahar ta yi, ya je ya yi salla ya dawo ya same ni inda ya bar ni.

Da zan tafi ya ce, “Inna, abu uku za ki riƙe. In wani abu ya faru, kada a motsa motar. A kira jandarma su zo su yi konsta, su gani da idonsu su rubuta. Na uku, kada ki yi sulhu da kowa, kada ki ce laifinki ne, kada ki ce kin bar wa wani. Wannan maganar tamu ce.”

Da na koma gida na zaunar da maigida na maimaita masa ukun nan kamar karatun allo. Ya saurara yana ɓare gyaɗa. Da na gama ya ce, “Uwar ɗiya, ke kin biya kuɗi don masifar da ba ta zo ba. Ai kamar kin aika mata goron gayyata ne.” Na ce ya dai ji. Ya ce ya ji. Ya kuma rantse shi ba zai taɓa shiga wannan akwatin ba.

Sati bai zagayo ba ya fara raka ni. Wai don kada a ce ya bar mace ita kaɗai a hanya. Gaskiyar magana katifar ce. Duk inda na tsaya, kafin in kashe mota ya riga ya tuɓe takalma.

Ranar da abin ya faru ranar kasuwar Tama ce, lokacin sanyi, an fara cire albasa. Na ajiye motar a bakin kasuwa, kusa da inda masu raƙuma ke sauke kaya. Na sayi kantun gishiri don awakina na aza a kan tebur, na tura rufi sama, na zuge tagar gefe don iska ta shiga wa maigida, wanda ya riga ya miƙe ya rufe fuska da hula. Ni kuma na gangara cikin gari yi wa ɗiyar ƙawata barka, ta haihu. An kawo kunu, an kawo labari, na zauna.

Abin da ya biyo baya ban gani da idona ba, amma na ji shi daga bakin mutane da yawa har na fi waɗanda suka gani sani. Maigida yana da taubashi, ɗan gwaggonsa, abokin wasansa tun suna yara, wanda in sun haɗu ba gaisuwa sai zagi. Wannan taubashin yana da raƙumi da yake dakon albasa da shi daga garake. Ya sauke kaya, bai dabaibaye shi ba, ya tafi shan shayi. Raƙumi ya ji ƙanshin gishiri. Ya taho a hankali, ya zura kai ta tagar motata, ya miƙa wuya har kan tebur, ya fara lasa.

Maigida ya ji wani ɗumi a fuskarsa. Ya ɗaga hula, ya ga leɓe, ya ga haƙora, ya ga ido kamar ƙoƙo a samansa. Ihun da ya yi, masu sayar da tumaki a can ƙarshen kasuwa sun ce sun ɗauka an yanka wani. Raƙumi ya firgita, ya ja kai baya, kai ya ƙi fita. Ya ja, motar ta karkata. Ya sa gwiwa ya doki ƙofa, ya sake doka. Ya ɗaga wuya ya yaga tantin rufi. A ja na ƙarshe tagar ta fito gaba ɗaya da ƙarfenta, ya ruga cikin kasuwa da ita rataye a wuya kamar amaryar da aka yi wa sarƙa, yana watsa tumatur ɗin mutane. Maigida kuwa ya fita ta ɗaya ƙofar ba takalmi, yana kalmar shahada.

Kafin labari ya iso ni gidan barka, kafin in nemo takalmina cikin na mata, kafin in hau gangaren, mutanen kirki sun gama aikinsu. An kama raƙumi, an cire masa taga. An share gilashi tas, don yara na yawo ba takalmi. An tura motar zuwa inuwar gawo don kada rana ta buge ta. Wani ya kawo ruwa ya wanke yawun raƙumi daga jikinta. Ƙarfen tagar an riga an kai wa maƙeri, yana ta bugunsa. An shimfiɗa tabarma, limamin garinmu da ya zo cin kasuwa yana zaune a tsakiya, taubashi ya sunkuyar da kai, maigida yana gefe da kofin shayi a hannu. Ina isowa ana shafa fatiha.

Na ce, “Wa ya motsa motar?”

Aka ce kowa, kowa ya sa hannu, Allah ya ba da lada.

“Ina jandarma?”

Liman ya ce, “Subhanallahi, baiwar Allah, jandarma tsakanin 'yan uwa? Ai an gama. Maigidanki ya yi halin manya. Ya ce ya yafe duniya da lahira.”

Na dubi maigida. Ya dubi shayinsa. Taubashi ya ɗago, kunyar ta riga ta sake shi, ya ce, “Matarmu, ki gode Allah. Da kin ji kukan mijinki, da ke ma kin yafe. Ni na ɗauka akuya ce ke haihuwa.” Kasuwa ta fashe da dariya, har da maigida. Ni na je na tsaya gaban motata. Ƙofa ta lotsa ciki, tanti na lilo, inda taga take ya zama rami. Wurin da nake rufewa a daina kirana, yanzu ko kaza sai ta shiga ba sallama.

Washegari na ɗaure ƙofar da igiya na tuƙa ta Madawa, iska na shiga ta rami tana fita ta rufi. Mai asirans ya fito ya zagaya ta yana riƙe da haɓa.

“Inna, ina konsta?”

Na ba shi labari tun daga gishiri har fatiha. Ya yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma da na zo wurin sarƙar amarya sai da ya shiga biro ya rufe ƙofa na ɗan lokaci. Da ya fito ya goge tabarau, ya ce in zauna.

Ya ce babbar asirans ɗin da na yanka ta rufe irin wannan, raƙumi ko ba raƙumi ba. Amma manyansa ba su san ni ba, ba su san Tama ba, takarda suka sani. In ba shaidar jandarma, wa zai ce ba ni na ja motar cikin ƙaya ba? Sannan ga babbar matsala. Ya ce in sun biya ni, sai su shiga takalmina su je wurin mai raƙumi su nemi abin da za su iya samu. Haƙƙin bin sa nasu ne tun ranar da na sa hannu.

“To in an yafe masa, Inna, kuɗinmu aka yafe. Mai gidanki ya yi kyauta da kayan kamfani.”

Na ce, “Ya saba. Da nawa ya fara.”

Ya tambaye ni ko ni da bakina na ce na yafe. Na ce ya dubi fuskata. Ya duba, ya ce to akwai sauran hanya, amma kwanakin kai rahoto kaɗan ne, kada in yi wasa. In je jandarmari ta Buza, tunda a ƙasarsu abin ya faru, in kai mai raƙumi ya faɗi da bakinsa, ko shaidu, ko wani abu da ido zai gani. In suka rubuta suka buga hatimi, shi zai tura.

Daga Madawa ban zarce gida ba, gidan liman na tsaya. Na durƙusa a zaure daga nesa, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce ina da tambaya ta addini.

“Allah gafarta Malam, in mace ta sayi akuya da kuɗinta, ta wa ce?”

“Tata ce.”

“Mijinta na iya sayar da ita bai tambaye ta ba?”

“Ba shi iyawa.”

“Yana iya kyauta da ita?”

Ya gane inda akuyar ta nufa. Ya ja carbi, ya yi gyaran murya, ya ce sulhu alheri ne, zumunci kuma abu ne mai girma. Na ce na yarda, amma tambayata akuya. Ya dubi ƙofar zaure ko wani zai shigo ya cece shi, ba wanda ya shigo. Daga ƙarshe ya ce dukiyar mace tata ce, yafiyar wani ba ta hawa kanta sai da yardarta.

“To fatihar da aka shafa fa, Malam?”

Ya ce fatiha ba ta ɓaci, tana nan, ta hau kan abin da maigida ya mallaka. Na tambaye shi mi ya mallaka a wurin. Ya yi tunani ya ce, “Tsoron da ya ji. Da takalmansa, in ba a gan su ba.” Sannan ya roƙe ni don Allah kada in ce a bakinsa na ji.

Da la'asar na tara su a tsakar gida, maigida da taubashinsa. Na kawo musu fura don kada a ce ban da tarbiyya, na bari suka sha, sannan na faɗi abin da mai asirans ya ce. Na ce ba na neman ko dala a hannun kowa. Abin da nake so, taubashi ya bi ni Buza ya faɗa wa jandarma raƙuminsa ne. Abin da zai biyo baya tsakaninsa da kamfani, wannan su suka sani.

Taubashi ya ajiye ludayi. “Ni? Jandarmari? Matarmu, tun kakanninmu ba wanda ya taɓa taka wurin nan da ƙafarsa, sai dai a kai shi. In an gan ni can, gobe a ce na yi sata.”

Maigida ya ce, “Uwar ɗiya, ki rufa mini asiri. Na yi magana gaban mutane. In na janye, da wane ido zan shiga masallaci?”

Na ce ba wanda ya ce ya janye. Tasa yafiyar tana nan daram, ya riƙe abarsa. Tawa ce ba a tambaya ba.

Na ce to shaidu. Suka dubi juna. Duk wanda ya ga abin ya shafa fatiha, kuma a garinmu wanda ya shafa fatiha a kan magana ya binne ta, ba ya tono. Kasuwa guda ta ga raƙumi da taga a wuya, amma ko mutum ɗaya ba zai tuna ba in mai kaki ya tambaya.

Nan taubashi ya kawo tasa dabarar, kuma da gaske yake. Ya ce ai abu mai sauƙi ne. A mai da motar inda take ran kasuwa, a karɓo ƙarfen taga wurin maƙeri a manna, a aza wani gishirin, wanga ragon ya koma ya kwanta ya rufe fuska da hula, a kira jandarma su zauna a inuwa, sannan a saki raƙumi. “Ka ga sun gani da idonsu, ba wanda ya kai ƙarar wani.”

Maigida ya miƙe tsaye. “Wallahi ba ni kwantawa! Kai ka kwanta, mai bakin raƙumi, ai ɗan uwanka ne, ba ya cizonka!”

“To wa zai yi kukan? Ni ban iya irin naka ba.”

Suka kama, wannan ya tono abin da wancan ya yi ranar kaciya, wancan ya tono ranar da jaki ya kayar da wannan gaban 'yan mata. Na bar su suna yi. Na ce ni ba zan yi wa hukuma wasan yara ba, kuma motata ba ta da wata ƙofar da za a ba raƙumi. Ba wanda ya ji ni. Suna ta dariya har da riƙe ciki, kamar an gama magana karo na biyu.

Da taubashi zai tafi na raka shi ƙofar gida, abin da ban saba ba. Raƙumin da ya zo a kansa na tsaye a bakin danga yana tuƙa, ko a jikinsa. Na zagaya shi ina kallo. A wuyansa ga yankan gilashi, an shafa masa toka. A gwiwoyinsa na gaba, inda fatar ta yi kanta, ga shuɗin fentin motata ya kama raɗam, shuɗin da babu irinsa a duk ƙasar Buza. An wanke mota, an share ƙasa, an toshe bakin mutane, ba wanda ya tuna ya wanke raƙumi. Shi kaɗai ne a kasuwar nan bai shafa fatiha ba.

Na tambayi taubashi, kamar hira, ko gobe yana da dako. Ya ce sai da hantsi, zai bar shi ya huta a bayan gidansa. Na ce Allah ya kai mu.

Da asuba, maza na masallaci, na ci ɗamara, na soke takardar asirans da permi a lalita, na gutsuro gishiri na ƙulle a bakin zane. Na je bayan gidan taubashi, na kwance dabaibayi, na nuna wa raƙumi gishirin, ya miƙe da gurnaninsa. Matar taubashi ta leƙo ta kan danga da buta a hannu, ta ce, “Yaya, ina za ki da shi?”

Na ce, “Buza. Ki gaya wa mijinki in yana son abinsa, ya same mu jandarmari. Ya taho da kartin shaidarsa.”

Na kama akala na hau hanya.